Odar da ke aiki bayan maigida ya ba da baya

A ce motar tumatir ta tashi daga Kwanar Gafan ta jihar Kano da la'asar, an ɗaure kwanduna tsaf, za ta kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar da ta kai kilomita 1,000. Tsakanin Tegina da Mokwa, da tsakar dare, giya ta ƙi shiga. Wurin babu sabis. Abin da mai kaya ya faɗa wa direba da yaron da ya haɗa shi da shi bai wuce wannan ba: "Ku kai Legas, kada ku taɓa komai sai kun kira ni." Suka bi umarni, suka zauna. Rana ta fito ta daki kaya, kafin waya ta shiga ruwan tumatir ya fara ɗiga ta ƙasan bodi. Motoci marasa lodi sun yi ta wucewa, ga kasuwar Ilori a gaba, amma babu wanda aka ba ikon ya ce a juye kaya ko a sayar a hanya.

Idan aka zo rabon laifi, direba za a ɗora wa. Ni kuwa a wurin umarnin nake ganin ɓarakar, kuma irin wannan ɓarakar ce soja ya fi kowa sanin maganinta.

Yawancinmu idan aka ce a koyi shugabanci daga bariki, abin da ke faɗo mana a rai shi ne tsawa, ƙamewa, sara wa na gaba, da "oda oda ce". Wannan shi ake gani daga bakin shinge ranar fareti. Abin da ake ɓata shekaru ana cusa wa hafsa a makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna, wadda aka buɗe a 1964, da kuma kwalejin hafsoshi ta Jaji, ya fi haka zurfi: yadda zai ba da umarni ga mutumin da zai yi nisa da shi, ga gajiya, ga tsoro, ga rediyo ya mutu, kuma mutumin ya yi abin da ake nema ko da komai ya canza. Duk mai shago biyu, ko mai mota a kan hanya, ko mai gona a wani gari, matsalarsa ke nan.

Tushen abin ya daɗe. Helmuth von Moltke, wanda ya shugabanci manyan hafsoshin Purushiya, wata daular Jamusawa ta da, daga 1857 zuwa 1888, ya lura rundunoni sun yi girman da mutum ɗaya ba zai iya ganin fagen daga gaba ɗaya ba, kuma shirin da aka zana a kan tebur ba ya wuce karon farko da abokan gaba bai sauya ba. Sai ya ɗora tsarinsa a kan cewa na sama ya faɗi abin da yake so a cimma da dalilinsa, ya bar wa na ƙasa yadda za a yi. A kan wannan sojojin Jamus da Ingila da Amurka suke tafiya yau, kuma shi ya sa jimlar aiki a odar soja take da gaɓa biyu: aikin kansa, sannan "domin". Ba a cewa "ku kama gadar nan" a yi shiru. Cewa ake yi "ku kama gadar nan kafin asuba domin motocin bataliya su ƙetare." Idan saje ya iso ya tarar an riga an fasa gadar, ya san ƙetarewa ake nema, sai ya nemi mashigi a ƙasa ya tsare. Wanda ba a faɗa wa dalili ba zai tsaya ne yana gadin ɓaraguzai.

Da mai tumatir ya ce, "Ku isar da kayan nan Mile 12 kafin asubar jibi domin mu sayar da shi da ƙarfinsa, kafin ya yi laushi," da yaron nan ya san ƙarfin tumatir ake tsere da shi, Legas hanya ce kawai ta kaiwa ga kuɗi.

Odar soja sashe biyar gare ta, kuma a jere ɗaya ake ba da ita kullum, don mai saurare ya san abin da ke tafe, ya kuma farga idan an tsallake wani abu: halin da ake ciki, aikin, yadda za a aiwatar, guzuri da kayan aiki, sai shugabanci da sadarwa. Mu ɗora ta a kan motar nan.

Halin da ake ciki ya haɗa da kwanduna nawa ne, wace rana aka tsinke, kasuwa a cike take ko kaya sun yi ƙaranci, da labarin hanya. A nan ne 'yan kasuwa da yawa suke ƙin faɗin abu mafi muhimmanci, wato nawa kwando ya tsaya musu har ya hau mota. Tsoronsu kada yaro ya san riba ya sa ido. Amma wanda bai san kuɗin saye ba, ba zai iya gane tayin da ake karɓa da wanda ake ƙi ba. In ba za ka faɗi komai ba, ka faɗi ƙasan farashi: "ƙasa da kaza kada ka sallama."

Sashen aiwatarwa shi ne zuciyar odar, kuma shi ya cancanci a zauna a kansa. Ana faɗin hanyar da za a bi da wadda za a koma idan ta farko ta toshe. Wannan ba tsirfa ba ce: a 2017 gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jabba ta karye, ambaliya kuma ta yanke hanyar Abuja zuwa Lokoja a 2012 da 2022. Bayan hanya sai iyakoki, kuma kashi uku ne. Akwai abin da mutum zai yi ba tare da ya tambaye ka ba, kamar gyaran da bai wuce, a ce, naira 50,000 ba. Akwai wanda zai yi sannan ya sanar da kai da zarar ya sami sabis, kamar juye kaya a wata mota idan makanike ya ce gyara zai ci fiye da awa shida. Akwai kuma wanda ba zai yi ba ko sama da ƙasa za su haɗu: ba da kaya bashi ga dillalin da ba ku taɓa hulɗa da shi ba, ko ɗaukar fasinja a kan lodi. Sannan a sa alama ta wuri da lokaci: "Idan azahar ɗin gobe ta yi ba ku ƙetare Jabba ba, ku manta da Legas, ku sauke a Ilori, ko a kasuwar Shasha in kun kai Badun." Soja yana yanke irin wannan shawara tun yana zaune da taswira a gabansa, saboda ya san ƙwaƙwalwar da ta kwana biyu ba barci ba ta auna abu daidai, kuma kullum takan ce a ƙara jira kaɗan. Shirin zaune ya fi na tsaye.

Guzuri lissafi ne. Lita nawa na man gas, da rarar da za ta ɗauki kewaye idan an canza hanya. Kuɗin hanya a canji, a aljihu daban da kuɗin gyara, don in aka haɗa su wuri ɗaya kafin a kai Kaduna an fara cin na gyara. Safaya taya, jak mai aiki, fanbel, igiya, tocila, ruwa.

Sashe na biyar shi aka fi mantawa. Wa ke da magana ta ƙarshe? A faɗa a gaban su biyun: mota da tuƙi na direba ne, kaya da ciniki na yaro ne. In ba haka ba, a gefen titi za su yi ta jayayya. Sai lokutan kira, a ɗaure su da wurare: Kaduna, Tegina, Jabba, Badun. Sojoji ba sa dogara da hanyar sadarwa ɗaya, hawa huɗu suke yi mata: ta farko, madadinta, ta ko-ta-kwana, da ta ƙarshe idan komai ya ƙi. A nan ma haka: layuka biyu na kamfanoni daban-daban, saƙon tes wanda yakan fita ko sabis ya yi rauni, lambar wani amintacce a tashar Mokwa ko Jabba, sannan abin da kowane ɓangare zai yi idan an ji shiru. "Idan awa uku ta wuce lokacin kira ban ji ku ba, zan tashi mutum daga Mokwa ya biyo hanya. Ku kuma ku yi aiki da iyakokin da na ba ku." Duk wannan bayani ba ya cin minti goma, kuma rabin takarda ya ishe shi.

Bayan an gama ba da oda, akwai tambayar da ba ta da amfani ko kaɗan: "Ka gane?" Amsarta ɗaya ce a ko'ina, balle a wurinmu da yaro yake jin nauyin ya ce wa maigidansa bai fahimta ba. Hafsa ba ya tsayawa a nan. Yakan sa wanda ya karɓi oda ya maimaita ta da bakinsa, ya faɗi yadda zai yi, sannan ya jefa masa tambaya ɗaya ko biyu: "Taya ta fashe bayan Tegina, safaya ma ta fashe, ƙarfe biyun dare, me za ka yi?" A minti biyun nan ake gano cewa shi jibi da yamma ya ji, ba da asuba ba. Idan direban ya girme ka, akwai yadda ake yi ba tare da an taɓa girmansa ba: "Baba, don Allah bi mini tsarin nan daga farko, ko akwai abin da na manta." Ka ɗauki mantuwar ka ɗora wa kanka, shi kuma ya maimaita, buƙata ta biya.

Akwai ƙa'idar lokaci da ake koya wa kowane ƙaramin hafsa: duk lokacin da ke tsakanin karɓar aiki da fara shi, kashi ɗaya cikin uku ne naka, biyu na mutanenka. Idan ciniki ya faɗa da ƙarfe 8 na safe, lodi kuma ƙarfe 5 na yamma, awa tara ke nan; naka tunanin da buge-bugen waya ya ƙare kafin ƙarfe 11. Kafin ma ka gama tsarawa, a cikin minti goman farko, ka aika gargaɗi: "Akwai tafiya Legas yau da la'asar, cikakken bayani na tafe." Da wannan kaɗai direba zai duba mota, ya sha mai, ya sallami iyali, ya runtsa. Maigidan da ya riƙe labari a cikinsa har ƙarfe 4 sannan ya fara "maza-maza", shi ya ɗora marar barci a kan sitiyari.

Duba mota ma tsari gare shi. A rundunonin da suka gaji tsarin Ingila, direba yana yi wa motarsa duban farko kowace safiya kafin ta motsa: ruwan lagireto, baƙin mai, man birki, iskar taya, notinan ƙafa, fitilu. Duk inda aka tsaya a hanya a sake zagayawa, a taɓa tayoyi a ji zafi, a ja igiyoyi. Da yamma a yi na ƙarshe, a faɗi abin da ya lalace tun da sauran dare. Haka ya kamata a yi wa janareto da injin casar shinkafa da firjin mai sayar da kifi. Inda abin yake lalacewa sananne ne: bayan mako biyu takardar dubawa takan koma ado, a yi ta sa alamar "lafiya" ba a buɗe bonet ba. Maganin saje shi ne ya zaɓi abu ɗaya, a ranar da ba a zata ba, ya duba da hannunsa. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya goge ya mayar ya sake zarowa. Abin da shugaba yake dubawa da kansa shi ake yi, sauran kuwa sai yadda hali ya yi.

Sai maganar yawan mutane. Ƙaramin rukuni a sojan ƙasa mutum takwas zuwa goma ne a ƙarƙashin kofur. Irinsu uku su ne rukunin mutum 30 ko kusa da haka, a hannun laftanar da saje. Irin wannan uku kuma su ba da rukunin da soja ke kira kamfani, a ƙarƙashin manjo. Ko kwamandan bataliya mai ɗaruruwan dakaru, mutanen da yake ba oda kai tsaye ba su da yawa. To mai gidan burodi da ke da ma'aikata 25 kuma kowa a bakinsa yake jin aiki, ya ɗauki abin da kanar ba ya ɗauka. Da ma'aikata sun haura bakwai ko takwas, a naɗa babba a kowane ɓangare, na kwaɓi, na tanda, na rabawa. A naɗa shi a gaban kowa, a faɗi iyakar ikonsa, sannan abu mafi wuya: kada a riƙa tsallake shi. Ranar da ka soke maganarsa a gaban yaransa, ka sauke shi ko ba ka faɗa ba. In ya yi kuskure, a keɓe ake gyara masa, shi ya koma ya canza umarnin da bakinsa. Babban mai rusa wannan tsari a kasuwancinmu shi ne ɗan'uwa marar muƙami, ƙanen maigida ko ɗansa, da zai shigo ya ba da umarnin da ya saɓa wa na manaja, ma'aikata su rasa wa za su bi.

Dangantakar laftanar da saje abin nazari ce ga duk wanda ya ɗora ɗansa mai digiri a kan tsofaffin yaran shago. Laftanar yakan fito daga makaranta da anini a kafaɗa, shi ke da iko, shi za a tuhuma in abu ya ɓaci. Saje kuwa ya yi shekara goma ko fiye a cikin kaki, ya san wane ne rago, wane ne ke ɓoye ciwo. Laftanar mai hankali yakan tambayi saje kafin ya yanke, a keɓe. Saje na ƙwarai kuma yakan faɗi gaskiya a keɓe, ya fito ya tsaya a bayan hukuncin a gaban dakaru. Yaron da ya shigo shagon Kantin Kwari da kwamfuta ya raina wanda ya shekara 20 yana auna yadi, zai yi asarar ilimin da ba a rubuta a ko'ina ba: wane kwastoma ne ke biya a kan lokaci, wane launi ne ke tafiya gab da salla.

Kula da mutane a soja aiki ne mai lokaci da tsari. Bayan doguwar tafiyar ƙafa ana sa dakaru su cire takalma a duba ƙafafunsu, saboda kurtu zai ɓoye kumburi har ya kasa taka ƙasa. Hafsa na ƙwarai ba ya cin abinci sai mutanensa sun samu. A kasuwa fassarar wannan ita ce albashi a ranar da aka ambata, kafin maigida ya ɗebi nasa, da kuɗin abincin hanya da zai isa da gaske. Direban da aka ba abin da ba zai kai shi Ilori ba, a tankin mota zai nemi cikon.

Abin da na fi so a ce kowane mai sana'a ya ara shi ne zaman bita bayan aiki. Sojan Amurka ya fara tsara shi a shekarun 1970, bayan yaƙin Biyetnam, ya kuma kafu a sansanin horo na Fort Irwin da ke hamadar Kalifoniya a shekarun 1980, inda bataliyoyi ke zuwa su kara da rundunar da aka ware don ta yi musu wasan abokan gaba, sau da yawa kuma su sha kashi. Bayan kowane karo sai a zauna a kan tambaya huɗu: me muka yi niyya, me ya faru, me ya kawo bambancin, me za mu riƙe kuma me za mu canza. Ana yin sa da zafi-zafi, ranar da mota ta dawo ko washegari, minti 20 zuwa 30. Ƙarami ake fara tambaya, yaron mota kafin direba, direba kafin manaja, maigida a ƙarshe, don in babba ya riga ya yi magana sauran "haka ne" kawai za su ce. A fi daɗewa a kan tambaya ta uku, kuma kada a karɓi amsar farko. Mun makara. Me ya sa? Lodi bai ƙare ba sai bayan isha'i. Me ya sa? 'Yan dako huɗu aka samu maimakon takwas. Me ya sa? Ba a gaya wa shugabansu ba sai da azahar. To ga gyaran ya fito, kuma a teburin maigida yake. A tashi da abu ɗaya ko biyu, kowanne da sunan mai yi da rana, a rubuta a littafi guda da ake buɗewa kafin tafiya ta gaba.

Zaman nan yana mutuwa ne ranar da ya koma kotu. Idan aka cire wa mutum kuɗi saboda abin da ya faɗa da bakinsa a wurin bita, daga ranar ba za a ƙara jin gaskiya ba. Sata da ha'inci suna da nasu zama daban. Kuma maigida ya fara ambaton nasa kuskuren a fili. A bayan tafiyar da ta yi kyau ma a zauna, don a san ko tsari ne ya yi aiki ko sa'a aka taka.

Akwai kayan da ya kamata a bari a ƙofar bariki, kuma tsofaffin sojoji da suka shiga kasuwa sun fi kowa cin karo da su. Biyayyar soja tana da doka a bayanta: akwai kotun soja, akwai gadurum, kuma mutum ba ya ajiye aiki don ransa ya ɓaci. Lebura kuwa gobe sai ka neme shi ka rasa, ya koma wurin maƙwabcinka da duk abin da ka koya masa. Tsallen kwaɗo da zagi a gaban jama'a ba sa gyara ma'aikaci, wanda ya fi ƙwarewa ma shi ke fara tafiya domin shi ke da inda za shi. Kwastoma ba ya ƙarƙashin kowa. Shi ake lallashi. Sannan soja kashe kuɗin da aka ware masa ya saba, nasararsa cika aiki ce ko nawa ta ci. A kasuwa ana iya cika aiki a karye. Wanda ya isar da tumatir Legas a kan lokaci da kuɗin da ya haura abin da aka sayar, faɗuwa ya yi. Cibiyar sake tsugunar da sojoji da ke Oshodi a Legas tana koya wa masu shirin ritaya sana'o'i, amma sana'a daban, lissafin riba daban, kuma na biyun sai an zauna da littafi an fitar da abin da kowane kwando ko kowane buhu ya ci.

Abu ɗaya da tsohon soja ya sani sarai amma yakan manta ranar da kuɗin sallama suka shigo asusu shi ne ajiyar ko-ta-kwana. Babu kwamandan da ke jefa dakarunsa duka a karon farko. Yakan riƙe wani kaso a baya, saboda bai san ta inda za a ɓullo masa ba. Wanda ya zuba garatutinsa kaf a tirela ɗaya bai bar na injin da zai iya bugawa a wata na uku ba, kuma motar da ke kwance a gareji ba ta daina cin kuɗi. Kafin a sayi mota, a ware kuɗin babban gyara guda da albashin direba da yaronsa na wata uku, a asusun da ba shi da katin cire kuɗi. In abin da ya rage bai kai kuɗin motar ba, a fara da haya, a yi lodi biyar ko shida ana bita bayan kowanne, a ga abin da littafi ya nuna.